Gemun Baba Audu

Ku samarin da kuka buɗe shagunan aski a Dutsin-Ma, masu inji da janareta da madubi bango guda, ba raina ku nake yi ba. Kowa da zamaninsa. Amma duk ranar da na gifta da zabirata a rataye na ji ɗayanku ya ce, "Ga Baba Tanimu sarkin tal-kwabo," sai in yi dariya a raina. Kun ɗauka wanzanci shi ne a jiƙa kai a kankare. In haka ne, ai mai kankare kan akuya bayan babbaka shi ma wanzami ne.

Bambancina da ku guda ne. Wanda kuke yi wa aski idonsa na kan madubi, kuna kaucewa zai tsawata muku. Nawa kuwa ba shi da madubi. Zai zauna a tabarma ya tuɓe hula ya miƙo mini kai, in na gangaro wuya ya ɗaga haɓa ya lumshe ido, ga ƙarfe mai kaifi a maƙogwaronsa. Wani har gyangyaɗi yake yi. Ba ya sanin abin da na yi masa sai ya shafa da hannu. Wannan lumshe idon shi ne jarinmu, aska kuwa ko a kasuwa ana sayenta.

Abin da ya sa na ɗauko zancen nan, kwanan baya na yi wa wani malamin jami'a ƙaho. Mutum in ƙahoni suka kama bayansa ba shi da damar tashi, sai hira. Ya ce tarihi yake koyarwa. Ya ba ni labarin yadda a ƙasashen Turawa aka yi ƙungiyoyi masu cewa farar fata ta fi kowace fata, suna rufe fuska suna tsorata baƙaƙe don kada su fito zaɓe. 'Yan siyasa kuma a bainar jama'a su ce ba su san su ba, amma ranar ƙuri'a da su ake lissafi. Ya ce, "Ka ji rashin imani, Baba." Na ce e, na ci gaba da aikina. Abin da shi ya karanto daga ƙetaren teku, ni a tabarmar gidanmu aka yi shi, kuma duk fatarmu iri ɗaya ce.

A wani ƙauye tsakanin Kurfi da Barkiya aka haife ni. Ba zan kama sunansa ba, don masu abin suna nan da ransu. Gidanmu gidan wanzamai ne tun kaka da kakanni. Ni da yayana Ilu muka koya a hannun mahaifinmu, kuma ba da kan mutum aka fara mu ba. Duma ake shafa wa sabulu a ba ka ka kankare, in ka ƙwarzane shi ka sha ranƙwashi. Daga nan sai wasa aska, a dutse sannan a fata, har sai ta ɗauke gashin hannunka ba ka ji ba. Sai kawunan yaran unguwa, waɗanda ko ka yanke su ba su da wurin kai ƙara. Kafin a bar ka ka taɓa kan magidanci ka gaji da ɗaukar zabira.

Gaskiya ɗaya ce, Ilu ya fi ni hannu nesa ba kusa ba. Askarsa ba ta zamewa. Dattawa suna cewa in Ilu na yi maka aski kamar ana yi maka fifita ne. Ni dai haƙuri ne nawa, shi ya sa masu jarirai suka fi nemana.

Akwai kuma karatun da ba a yi da aska. Ranar kasuwa mahaifinmu zai zaunar da mu ya riƙa nuna mana fuskoki da ido. Wancan zanen mutanen gabas ne, wancan na mahauta, waccan tsagar ba ta gado ba ce, ta ciwon ido ce. A zamaninsu fuska ita ce shaidar mutum, kuma mu muke rubuta ta ranar suna. Amma duk lokacin da ya gama sai ya ce, "Kun gani? To ku haɗiye." Wanzami yana shiga inda maƙwabci ba ya shiga. Ya san mai tabo a ƙarƙashin hula, ya san gidan da haihuwa ta riga lissafi, ya san wanda kakansa bai yi sallah ba. In bakinsa ya yi sako-sako, gari ba zai zaunu ba.

Ranar da aka fara ba ni gyaran gemun Baba Audu ba ta fita raina. Baba Audu shi ne ladanin masallacinmu, manomin gero da dawa, dogo mai sanyin magana. Na gama kai, na jiƙa gemu, na ɗora aska a ƙarƙashin kunnensa na hagu zan gangaro, sai na ji mahaifina ya damƙe mini wuyan hannu. Ya karɓi almakashi ya nuna mini yadda ake yi: daga ƙasan saje zuwa gefen baki ba a sa aska, sai dai a rage sama-sama, a taje gashin ya kwanta a kan wurin. Sannan a daidaita ɗaya ɓarin ya yi cika iri ɗaya, don kada mai kallo ya ga kamar da gangan aka bari. Baba Audu bai buɗe ido ba har muka gama.

Sai da muka koma gida na tambaya.

"Baba, don mi ba a aske wurin can?"

"Akwai tsaga uku gajeru a ƙarƙashi," in ji shi. "Ita aka yi ma waɗanda aka haifa cikin bauta a tsohon gidan mai gari. Kakanku ya yi mashi ita da hannu nai, don an sa shi. Ni kau tun da gemu ya hito mashi nike rufe ta. Ku ma ku rufe. Tsoffin gari sun sani sun yi kurum, kuma ga su nan suna tahiya ɗaya bayan ɗaya. In mun riƙe bakinmu, zancen zai bi su kushewa."

Haka muka yi shekara da shekaru, ni da Ilu, duk wanda aikin ya faɗo wa. Baba Audu bai taɓa ce mana uffan a kan zancen ba, mu ma ba mu taɓa ba. Sai dai duk lokacin da aka gama, wurin yake fara kai yatsunsa ya shafa, sannan ya ce, "Allah shi yi albarka." 'Ya'yansa ba a yi wa ko ɗaya tsaga ba. A ƙauyen, duk wanda bai yi furfura ba ya san shi ne a Baba Ladan kawai.

Bayan rasuwar mahaifinmu sana'a ta fara ja da baya. Kaciya ta koma asibiti, tsagar gado aka daina, reza ta shiga kowane kanti, ku kuma kuka zo da injinku kuka kwashe samari. Muka rage da tsofaffi da askin suna da 'yan ƙaho. Ni ina da 'yar gona tana rufa mini asiri. Ilu ya sayar da tasa tun da daɗewa, ga iyali cike da gida. Ba don in wanke shi nake faɗa ba, don ku san ta inda aka shigo ne.

Ana haka zaɓe ya ƙarato. Malam Hamisu, babban ɗan Baba Audu, malamin firamare ne, ya fito neman kansila a jam'iyyar adawa. Mutane suna son sa, don kusan kowane gida ya koyar da wani. Har Fulanin rugagen da ke kewaye da mu sun ce shi za su yi, saboda yakan bi su da allo da alli. Ɗaya ɓangaren suka ga abin ba wasa ba ne.

A lokacin ne wasu samari suka ɓullo suna kiran kansu 'Yan Tushe. Maganarsu ita ce, gari na waɗanda kakanninsu suka sari daji ne. Baƙo, da mutumin ruga, da wanda aka sayo kakansa, su zauna su ci arziki amma kada su nemi jan ragama. Shugabansu wani Lawandi ne, wanda ni na yi masa kaciya, kuma kukan da ya yi ranar har yau ban ji irinsa ba. Shugaban jam'iyyar da ke mulki a mazaɓarmu, wanda kowa ke kira Ciyaman, in an tambaye shi sai ya ɗaga hannu ya ce shi bai san su ba, yara ne da son ƙasarsu. Amma bencin da suke zama a kai daga zaurensa ya fito, lasifikarsu tasa ce, man baburansu da shayinsu duk daga can. Kowa ya san haka, kowa ya yi kamar bai sani ba. Shi Ciyaman ba zai iya tsayawa a kan mumbarin siyasa ya zagi asalin mutum ba, don yana neman ƙuri'ar kowa. Su kuwa ba su da abin da za su rasa.

Sun ji ƙishin-ƙishin a kan gidan Baba Audu daga bakin wata tsohuwa, amma ba su da abin nunawa. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Na ga Ilu yana yawan shiga zauren Ciyaman, na ɗauka aski yake zuwa yi.

Ranar kasuwa ce, ana saura 'yan kwanaki zaɓe. Muna da wata cediya a bakin kasuwa inda muke shimfiɗa tabarmi biyu, tawa da ta Ilu. Baba Audu a zaurensa ake yi masa aski tun fil azal, amma ranar Ilu ya aika masa cewa aiki ya yi yawa, ya daure ya tako. Tsoho ya tako da hantsi, ya gaisa da jama'a, ya tuɓe hula ya zauna. Na lura samari sun fi na kullum yawa a gindin cediyar, kuma ba wanda ya ce a yi masa aski. Ni ina da kan wani magidanci a hannu, na zo daidai bayan kunne, wurin da ba a ɗaga ido.

Da na ɗago, sai na ga Ilu ya shafa sabulu har inda ba a shafawa. Kafin in buɗe baki ya ja aska sau uku. Hannun nan da bai taɓa zamewa ba, ranar ma bai zame ba. Gashin ya zubo a kan ƙyallen da ke ƙirjin tsohon, fatar ta fito fes, ga tsaga uku a jere. Baba Audu idonsa a lumshe, bai san abin da ake ciki ba.

Lawandi ya sunkuyo da wayarsa ya ɗauki hoto. Ya ce, "Wanzam, hwaɗa ma jama'a, wanga zanen mi ne?"

Ilu bai ɗago kai ba. Ya ce, "Tsagar bayin gidan mai gari ce."

Wasu suka fashe da dariya. Baba Audu ya buɗe ido. Ya kai yatsunsa wurin kamar yadda ya saba, ya ji fata. Ya daɗe hannunsa na wurin. Na zaci zai tashi, ko ya yi Allah ya isa. Sai ya dubi yayana ya ce, "Ƙarasa, Ilu. Ba a barin aski rabi."

Ya sake ɗaga haɓa, amma bai lumshe ido ba. Ilu ya ƙarasa, idon Baba Audu na kansa. Tsohon ya biya ladan aski, ya sa hularsa, ya kakkaɓe riga ya ratsa ta tsakiyar samarin ya wuce. Bai sa albarka ba. Ni kuwa ina durƙushe da aska a hannu kamar an dasa ni, har mutumin da nake yi wa aski ya ce, "Tanimu, ruwan ya bushe." Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ba ni na ja askar ba, amma zabirarmu ɗaya, uba ɗaya ya koya mana, kuma a gari ba a cewa Ilu ko Tanimu, gidan wanzamai ake cewa.

Kafin la'asar hoton ya zaga wayoyi. Washegari an buga shi a takarda an manna kusa da fostar Malam Hamisu a jikin kowane bango. Ciyaman ya hau mota da lasifika ya yi Allah wadai, ya ce dukkanmu 'ya'yan Adamu ne, jam'iyyarsu ba ta san wannan aika-aika ba. Da yamma na wuce ƙofar gidansa na ga 'Yan Tushe sun kewaye faranti suna cin shinkafa.

Malam Hamisu ya faɗi zaɓe. Mutanen da ya koyar da 'ya'yansu suka riƙa cewa a ɓoye, mutumin kirki ne amma dai. Wasu suka fara gunagunin a nemi wani ladan, Baba Audu bai jira an faɗa masa ba ya sauka da kansa. Lawandi ya sami wani ɗan muƙami. Ilu aka ba shi babur, aka kuma ba shi aikin kaciyar marayu da jam'iyya ta ɗauki nauyi. Da aka rantsar da gwamnati sai aka jingine 'Yan Tushe kamar sanda a bayan ƙofa, ba a sake jin ɗuriyarsu ba sai da wani zaɓen ya zo.

Na sami Ilu a gida bayan abin ya lafa.

"Yaya, mi ya kai ka?"

"Ƙarya na yi? Ba ta nan?"

"Tana nan. Amma Baba ya ce mu rufe."

"Baba ya tahi ya bar ni da bakuna goma sha. Da shiru zan ciyar da su?"

Na tashi na fita. Tun daga ranar na ɗauke tabarmata daga kusa da tasa.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mafi muni a duk rayuwata ta sana'a, kuma ba fari aka yi ba. Mutane ne suka janye kawunansu. Har waɗanda suka yi dariya a gindin cediya, kowa ya koma gida ya tuna shi ma yana da abin da hula ta rufe. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Dattijon da nake yi wa aski tun ina saurayi sai in gan shi da kai duk yankan reza, ya gwammace jikansa ya yi masa kaca-kaca da ya miƙo mini wuya. Masu haihuwa suka koma ɗauko wanzami daga Wurma. Mu wuni a kasuwa ba wanda ya tuɓe hula. Ilu, da kaciyar marayu ta ƙare, bai sake samun kan da zai taɓa ba. Ya hau babur ɗin ya tafi kudu yin acaɓa, har yau bai sake riƙe aska ba. Ni kuma daga baya na tattaro na dawo nan Dutsin-Ma, inda ba a san gidanmu ba.

Kafin in taso, akwai abu guda da ya faru. Baba Audu tun daga ranar kasuwar nan bai sake neman wanzami ba. Da kansa yake aski da reza, kuma bai bar gashi ya sake rufe wurin ba. Kullum a kankare yake, tsagar a fili, haka yake zuwa masallaci ya tsaya a sahun gaba. Ni in na hango shi sai in canza lungu.

Sai ga shi wata rana an aiko mini, matar Malam Hamisu ta haihu, Baba Audu ya ce ni zan yi askin suna. Na yi ta juya abin a raina. Amma gidan da kakanka ya yi wa aiki in sun kira ba a ƙi, don haka na wasa 'yar askata na tafi da sassafe. Zauren cike yake da dattawa, an gama raɗa suna ana rabon goro. Malam Hamisu ya amsa gaisuwata da ƙyar, na ga alama ba da son ransa aka kira ni ba. Baba Audu yana zaune a kan buzu, ya nuna mini gefensa.

Aka miƙo jaririn a cikin zane. Askin jariri ba a gaggawa. Ruwa mai ɗumi, tafin hannun hagu a ƙarƙashin ƙeya, aska a kwance ba a tsaye ba, in ka zo maɗiga, inda ƙashi bai haɗe ba, sai ka riƙe numfashi. Na yi shi tsaf, yaron ko motsi bai yi ba. Na tattara gashin na goge aska zan mayar zabira.

"Tanimu," in ji Baba Audu, "saura tsaga."

Na ce, "Baba, ai an daina. Ko Malam ba a yi mashi ba."

"An daina yi, ba a daina nema ba. Kakanka ya yi mani, yayanka ya buɗe. Kai ka yi ma wanga tashi, bisa kunci inda gemu ba shi kaiwa, kowa ya huta. Kada gobe a wahal da wani wanzami."

Malam Hamisu ya ce, "Baba, don Allah." Tsohon ya ɗaga masa hannu ya dakatar da shi. Duk zauren aka daina tauna goro.

Na ce, "Wallahi Baba ba ni iyawa. Ko yanka ni za a yi."

"To ɗaga shi. Ku ne masu karatun huska. Duba da kyau ka hwaɗa ma jama'ar nan, ɗa ne ko bawa?"

Na ɗaga yaron zuwa hasken ƙofa. Na dubi goshi, na dubi kumatu, na dubi gefen baki, yadda aka koya mini tun ina yaro. Yana barci abinsa, bakinsa na motsi kamar mai shan nono.

"Ban ga komi ba, Baba."

"Sake dubawa."

"Babu komi."

Ya miƙo hannu biyu ya karɓi jikansa, ya gyara masa zane, ya rufe masa kai saboda sanyin aski.

"Haka ni ma aka kawo ni wurin kakanka," in ji shi.